Dillancin intanet da ramukan da na faɗa a shekarar farko

Gwaggona dillaliya ce. Tun ina yaro nake ganinta tana fita da hantsi ɗauke da ƙullin atamfofi da 'yan kunne da kwanukan samira, ta bi gidajen matan aure na unguwarmu a cikin birnin Kano ɗaya bayan ɗaya, ta dawo bayan la'asar ta zauna a kan tabarma tana ware kuɗin masu kaya gefe guda, la'adarta gefe guda. Ko ƙyalle ɗaya a cikin ƙullin nan ba nata ba ne, amma da wannan yawon ta aurar da 'ya'yanta mata uku. Na kawo zancenta ne saboda duk sa'ad da wani matashi ya tambaye ni ma'anar wannan sana'a da ake kira afiliyet, wadda ake ta yayatawa a Facebook da TikTok, amsar da nake ba shi ita ce sana'ar gwaggona ce aka ɗora a kan waya. Mai kaya yana can, mai saye yana can, kai kuma kana tsakani kana haɗa su, in ciniki ya faɗa a ba ka la'ada. Da na fahimci haka tun ranar farko, da ban yi asarar kuɗi da watannin da na yi ba.

Bambancin kawai shi ne wanda yake riƙe da lissafi. Gwaggo a kanta take riƙe nata, ita ce shaida ita ce marubuciya. A intanet kuwa kamfani ne yake ba ka wani linki na musamman wanda lambarka take ciki, idan wani ya danna shi sai a ajiye wata 'yar alama a cikin wayarsa ko kwamfutarsa, wadda ake kira kuki, aikinta shi ne ta shaida cewa kai ne ka turo shi. In ya sayi kaya kafin wa'adin alamar ya cika, sai a rubuta maka kasonka. Tsarin ya daɗe, domin kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe nasa tun shekarar 1996, kuma shi ne ya sa abin ya bazu a duniya. A nan gida Jumia da Konga sun buɗe irinsa ga masu son tallata musu kaya, haka kuma dandalin Selar, inda ake sayar da littattafan waya da darussa, yana ba mai kaya damar ya yanka wa masu tallata masa kason da ya ga dama. Galibin kantunan nan ba sa karɓar ko sisi kafin su yi wa mutum rajista, kuma wannan magana ce da nake so mai karatu ya riƙe ta, saboda abin da zan faɗa yanzu.

Na shiga harkar a lokacin kullen korona na shekarar 2020, lokacin da makarantar da nake koyarwa ta rufe, albashi ya tsaya, muka zauna a gida babu abin yi sai latsa waya. A cikin wannan halin na ci karo da wani matashi yana ɗora hotunan saƙon shigar kuɗi daga banki, yau dubu kaza gobe dubu kaza, yana cewa duk a kwance a ɗaki yake samun su. Na yi masa magana, ya ce sirrin yana cikin wani darasi da zan saya. Na tattara ɗan abin da ya rage mini, na ƙara da rance daga wajen abokina, na biya. Ba zan ce darasin fanko ba ne gaba ɗaya, domin a ciki na fara jin yadda ake rubuta talla da yadda ake buɗe shafi. Sai dai da na kai ƙarshensa na gane cewa kayan da ake koya mini in sayar shi ne darasin kansa. Wato in nemo wani mai neman mafita irina, in nuna masa hotunan kuɗi, ya saya ta hannuna a ba ni rabi, shi ma ya je ya nemo wani. Har hotunan saƙon banki aka turo mana a cikin zauren WhatsApp na ɗalibai, aka ce mu yi amfani da su kafin namu su fara shigowa. A nan jikina ya yi sanyi, domin na gane cewa hoton da ya jawo ni ma wataƙila aro ne.

Na sayar wa mutum biyu kafin in daina, kuma ɗayansu tsohon ɗalibina ne wanda har yau in muka haɗu nakan ji nauyinsa. Ban ce duk mai sayar da darasi macuci ba ne, akwai masu koyar da ɗinki da zanen kwamfuta da lissafin kasuwanci waɗanda iliminsu ya cancanci kuɗinsa, kuma tallata irin wannan darasi dillanci ne sahihi. Ma'aunin da na koya da wahala guda ɗaya ne: idan aka cire damar sake sayarwa, shin akwai wanda zai ba da kuɗinsa ya sayi abin don amfanin kansa? In amsar ita ce babu, to kuɗin da kake karɓa daga aljihun na bayanka yake fitowa, kuma ranar da na baya suka ƙare, a kan na ƙarshe asarar take sauka. Mun ga ƙarshen irin wannan lissafi da girmansa a tsare-tsaren zuba kuɗi masu alƙawarin riba mai yawa, kamar MMM, wadda ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, muka sake gani a CBEX a watan Afrilu na 2025, kuma dukkansu da ladan kawo sabon mutum suka cika gari. Dokar zuba jari da aka sanya wa hannu a 2025 ta mayar da gudanar da irin waɗannan tsare-tsare laifin da ake ɗaure mutum a kansa, don haka wanda aka ce ya kawo mutane a ba shi kamasho, alhali babu wani kaya da ake gani, ya san cewa ba amanarsa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba.

Bayan na bar darasin sai na yi rajista da wani kantin intanet, na shiga kuskure na biyu, wanda kusan kowane sabon shiga yake yi. Na ɗauka cewa yawan linki shi ne yawan kuɗi. Da safe takalmi, da rana tukunyar gas, da dare agogo da turare, duk zauren da aka sa ni a ciki sai na zuba, har da zauren danginmu da aka buɗe don sanar da biki da rasuwa. Wata rana aka sanar da rasuwar wata dattijuwa a dangi, ni kuma ban karanta saƙonnin sama ba na jefa tallan na'urar markaɗe a tsakiyar ta'aziyya. Kawuna bai ce komai a zauren ba, sai ya kira ni a waya ya ce, "Ɗana, kasuwa daban, zaure daban. Ko mai tallan goro ya san gidan da ake makoki." Na ba shi haƙuri, amma maganar ta zauna mini. Da na duba shafin lissafina a ƙarshen watan, na ga an danna linkunan nan sau da dama, wanda ya saya kuwa babu ko ɗaya, kuma mutane da yawa sun daina buɗe sitatus ɗina. Dalilin a fili yake. Wanda ya shiga WhatsApp don ya gaisa da 'yan'uwa bai fito sayayya ba, kuma babu abin da zai sa ya yarda da ra'ayin mutumin da jiya yake yabon takalmi yau yake yabon tukunya, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya a hannunsa ba.

Abin da ya ƙarasa koya mini hankali wata fanka ce mai caji. A lokacin zafin bazara na ga tana da kamasho mai ɗan kauri, na kwafi bayanin da mai kayan ya rubuta, cewa tana kwana tana aiki, na ɗora kamar ni na gwada. Wani maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya ƙanana, ya saya saboda ni na faɗa. Ba ta yi mako uku ba batirin ya fara mutuwa kafin tsakar dare. Bai nemi kamfanin ba, bai san ma inda yake ba, ƙofar gidanmu ya zo da fankar a hannu ya yi sallama. Ya ce, "Malam, kai ka ce tana kwana." Ban da abin cewa. La'adar da na ci a kanta ba ta kai kuɗin sabon batiri ba, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai na kai ta wajen mai gyara na biya daga aljihuna. Da na ba gwaggo labari dariya ta yi, ta ce ita a duk shekarunta ba ta taɓa shigar da atamfa gidan mutane ba sai ta jiƙa bakinta da ruwa ta ga ko tana zuba, in kuwa tana zuba za ta faɗa wa mai saye kafin a yi ciniki, domin gidan da ta shiga yau shi za ta sake shiga jibi.

Daga nan na tsaya a kan fanni guda, wato ƙananan kayan wuta na gida: fitilar sola, fanka mai caji, fawa bank, da ƙananan faifan sola da ake cajin waya da su. Na zaɓe shi ne saboda matsalar wuta a gidana take kamar yadda take a gidan kowa, ina da ɗan ilimin kimiyya daga aikin koyarwa, kuma abu ne da mutane suke tambaya a kansa kafin su saya domin suna tsoron a cuce su. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci a wajen zaɓen fanni. Dillali ba shi da amfani a wurin da mai saye ya riga ya san komai, babu mai neman shawara kafin ya sayi ashana. Amfaninsa yana fitowa ne a inda kaya suke kama da juna a ido amma suka bambanta a aiki, inda kuskure yake da tsada.

Misali guda zai nuna abin da nake nufi. Mutum yakan ga an rubuta 10,000mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batiri yake ɗauka, a jikin fawa bank, wayarsa kuma batirinta 5,000mAh ne, sai ya lissafa cewa za ta cika masa waya sau biyu cif. Ba haka abin yake ba, ko da kuwa kayan na gaske ne. Adadin da aka rubuta na batirin da ke cikinta ne, wanda ƙarfinsa wajen volt 3.7 ne, amma kafin wutar ta fito ta igiyar caji sai an ɗaga ta zuwa volt 5, sa'an nan ita wayar ta sake sauke ta, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Abin da yake isa batirin waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta ba, wato caji ɗaya da ɗan ɗoriya. Wannan a kan mai kyau ke nan, balle wadda aka rubuta mata adadin ƙarya, wadda nauyinta a hannu kaɗai ya isa ya tona mata asiri. Ranar da na yi wannan bayani da Hausa a ɗan gajeren bidiyo, ina riƙe da fawa bank biyu da na saya da kuɗina na gwada tsawon mako guda, na faɗi wadda ta fi da kuma aibin da ita ma take da shi, tambayoyin da suka shigo mini sun fi duk abin da na samu a watannin da na yi ina watsa linki. A nan na gane cewa harshenmu ma jari ne. Bayanin irin waɗannan kaya da Turanci ya cika intanet, amma wanda zai zauna ya warware wa magidanci ko uwar gida da Hausa, da murya, a kan irin kayan da ake samu a kasuwarmu, ba su da yawa.

Akwai wata al'ada da na ɗauka tun daga lokacin, wadda abokaina suka ce za ta kore mini masu saye, ita ce in faɗa a fili cewa in an saya ta linkina ina da la'ada. A Amurka hukumar kula da ciniki ta tarayya ta wajabta wannan bayani, Amazon ma ya sa shi cikin sharuɗɗansa. Amma mu ba sai mun je Amurka neman hujja ba. A kara, kafin a sallama saniya ana faɗin ko la'ada ciki ce ko waje, kowa ya san dillali zai ci, kuma babu mai jin haushi. Abin da ake ƙi shi ne ɓoye aibi. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, na mai sayar da abinci wanda ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Bayanin kaya da aka zuba yabo a sama aka binne aibi a ƙasa, shi ne wannan tarin abincin. A aikace kuma na lura cewa mutumin da na gaya wa kada ya sayi abu kaza domin bai dace da buƙatarsa ba, shi ne yake dawowa ya sayi mai tsada ta hannuna, ya kuma turo ƙaninsa. Saboda wannan dalili ne nake ƙin tayin da ya fi kowane maiƙo, wato tallan magungunan da ake cewa suna warkar da basir da ciwon suga da raunin mazakuta a lokaci guda, waɗanda sau da yawa ko lambar NAFDAC babu a jikinsu, da kuma tallan shafukan caca. Fanka in ta mutu ana canja mata batiri, ƙodar mutum kuwa ba ni da ta biya.

Yanzu sai maganar da ba ta da daɗin karatu amma a cikinta kuɗin mutane suke maƙalewa, wato sharuɗɗa. Kowane kamfani yana da doguwar takardar da ake danna amincewa da ita ba tare da an karanta ba, kuma ni ma haka na yi. Abu na farko da ya kamata a nema a cikinta shi ne tsawon wa'adin kuki. A Amazon awa 24 ne kacal, sai fa in mutum ya jefa kayan a kwandon sayayya a cikin wannan lokaci, wasu kamfanonin kuma suna ba da mako guda ko wata guda. Wannan yana da nauyi a wajen mutanenmu, domin Bahaushe ba ya cika sayen abu mai tsada a ranar da ya gan shi, sai ya yi shawara, sai an yi albashi. Yawancin kamfanoni kuma wanda aka danna linkinsa a ƙarshe suke ba la'adar, ko da kai ne ka yi wahalar bayani. Wani lokaci ma babu wanda ya ƙwace maka, mutum ne ya danna linkinka a cikin Facebook, ya ga kayan, ya rufe, ya je ya buɗe manhajar kantin da kansa ya saya, alamar ta ɓace a hanya. Sa'an nan la'adar da ka gani a shafinka ba taka ba ce tukuna. Sai kaya sun isa, wa'adin mayarwa ya wuce, kuma a ƙasar da ake yawan sayen kaya bisa sharaɗin sai an kawo a biya, ba abin mamaki ba ne mai saye ya fasa a bakin ƙofa, la'adar ta goge. Akwai kuma mafi ƙarancin kuɗin da sai ka tara kafin a biya ka. Sayen kaya ta linkinka da kanka haramun ne a yawancin tsare-tsaren, kuma Amazon yana rufe sabon asusun da bai kawo ciniki uku ba a cikin kwana 180 na farko.

Tun da na ambaci Amazon, bari in faɗi ra'ayina a kansa. Sababbin shiga suna ruguwa can saboda dala, musamman tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 darajarta ta zube, kuma ba laifi ba ne mutum ya so a biya shi da dala. Amma tambayar ita ce su wane ne masu sauraronka. In mutanen Kano da Katsina da Maraɗi ne, kaɗan ne a cikinsu za su sayi fitila daga Amurka su biya kuɗin jirgi da na kwastan. Kamfanin waje ya dace da wanda yake rubutu don mutanen waje, ko wanda yake tallata abin da ba a ɗauko shi a mota, kamar manhaja ko wurin ajiye shafin intanet. Kafin a yi rajista kuma a tabbatar ta wace hanya kuɗin za su iso, domin an shafe shekaru da dama asusun PayPal na Najeriya yana turawa ne ba ya karɓa, shi ya sa da yawa suka koma Payoneer da makamantansa. Wasu kamfanonin ba sa karɓar 'yan Najeriya sam, sai ka ji ana koya wa yara su ɓoye ƙasarsu su rubuta adireshin ƙarya na Ingila. Ana iya wucewa a ranar rajista, amma ranar biya ake neman katin shaida, kuma a lokacin ne ake rufe asusun da duk abin da aka tara a ciki, babu kuma inda za a kai ƙara tun da da ƙarya aka shiga.

Lissafin kansa yana da sauƙi, kuma rashin yin sa ne yake sa mutane su ci bashi su biya talla. A ɗauka mutum 1,000 sun ga bayaninka, 50 suka danna, 2 suka saya. In kayan na naira 20,000 ne kuma kasonka biyar cikin ɗari ne, ka samu naira 2,000 ke nan. In da kuɗi ka sayi idon mutum dubun nan, ka biya Facebook naira 5,000 har da harajin da ake ɗorawa a kai, to ka yi aikin kwana da kwanaki ka fita da asarar naira 3,000, ban da data. Adadin nan misali ne kawai, na kowa daban yake, amma ba za ka san naka ba sai ka rubuta. Ni ina da littafi na takarda inda nake rubuta kowane bayani da na saki, ranar da na sake shi, dannawa nawa ya kawo, ciniki nawa, da nawa aka soke. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya biya kuɗin talla sai abin ya riga ya sayu ba tare da talla ba, domin talla tana ninka abin da ke akwai ne, in riba ce ta ninka riba, in asara ce ta ninka asara. Wannan lissafin ne kuma yake bayyana dalilin da ya sa darussa da littattafan waya suke da jan hankali, tun da kamashonsu yakan kai rabin kuɗin saboda mai su ba ya kashe komai wajen sake buga kwafi. Kaso mai yawa a kan abin da ba shi da amfani shi ne ramin da na fara faɗawa.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba sai da ya faru shi ne cewa rumfar da muke kasa kaya a cikinta ta aro ce. A watan Afrilu na 2020 Amazon ya zabge kason da yake biya a kan kayan ɗaki da na gyaran gida daga takwas cikin ɗari zuwa uku, da sanarwar 'yan kwanaki, kuma mutanen da suka gina rayuwarsu a kan wannan kaso suka wayi gari da ƙasa da rabin abin da suka saba samu. A nan gida gwamnati ta dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 har zuwa Janairun 2022. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Google ma yakan sauya yadda yake jera shafuka, kuma tun daga 2021 yake ta matsa wa shafukan da suke kwafe bayanin kaya ba tare da shaidar an gwada ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dillali yake da iko a kansa. Abin da yake iyawa shi ne kada ya dogara da kamfani ɗaya ko dandali ɗaya, ya kuma tara lambobin mutanen da suka amince da kansu ya riƙa turo musu bayani, ya ajiye bidiyoyinsa da rubutunsa a wurin da yake nasa. Na ce waɗanda suka amince, domin jefa mutum cikin zaure ba da izininsa ba komawa ne ga tallan markaɗe a gidan makoki.

Daga baya na lura da wani abu a cikin littafin lissafina wanda ya sauya yadda nake aiki. Mutane da yawa suna kallon bayanina har ƙarshe, su yi tambaya, su yi godiya, amma ba sa saye ta linki. Sai su ɗauki hoton kayan a waya su tafi Farm Centre ko Sabon Gari su saya a hannu, domin suna so su taɓa, su gwada, su taya, kuma su san fuskar wanda za su mayar wa in abin ya lalace. Da farko abin yana ba ni haushi, ina ganin na yi noma wani ya girbe. Daga baya na je na sami wani mai shago da na daɗe ina sayen kaya a wurinsa, wanda na san ba ya ajiye jabu, na ce, "Alhaji, mutanen da nake wa bayani wajenku suke zuwa. In na turo su nan da sunana, me za ka ba ni, me kuma za ka rage musu?" Muka yi magana, muka rubuta a takarda: abin da zai ba ni a kan kowane kaya, ragin da zai yi wa duk wanda ya ambaci sunana, da sharaɗin cewa in kaya suka lalace a cikin wata guda zai canja. Yaron shagonsa yana rubuta sunayen a bayan littafin ciniki, ni kuma ina zuwa duk ranar Asabar mu daidaita. Tsarin yana da nasa rauni, domin wani mai sayen yakan manta bai faɗi sunana ba, wata rana kuma yaron ne yake mantawa, kuma ba ni da hanyar sani sai abin da aka gaya mini. Duk da haka, a yawancin watanni abin da nake karɓa a wannan shago ya fi abin da linki yake kawo mini, ko da yake ban bar linkin ba saboda masu bina daga Abuja da Legas da sauran garuruwan da ba za su zo Kano sayen fitila ba.

Har yanzu ina koyarwa, kuma albashin ne yake riƙe da gidana, la'adar tana biyan kuɗin makarantar yara da wani ɓangare na cefane. A wannan makon fankoki biyu ne a ɗakina da Alhaji ya ba ni in gwada kafin zafi ya shigo. Ɗaya ta yi awa shida a matsakaicin gudu, ɗayar kuwa da aka rubuta mata awa goma a kwali ta tsaya kafin ta cika huɗu, kuma na riga na gaya masa cewa haka zan faɗa a bidiyon ranar Juma'a.